Kwamfutar da Ke Suma a Jiga Birni

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bibiya. Waɗanda suka cika mini waya da "Umaima, ina kika shige?" ku yi haƙuri, ga ni na dawo. Ba ciwo na yi ba. Ba kuma faɗa muka yi da Malam Sirajo ba, kamar yadda wata baiwar Allah ta yi hasashe har tana ba ni haƙuri. Kwamfuta ce ta riƙe ni. Ku gyara zama.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: a Jega Sabon Gari nake, ilimin kwamfuta na karanta a Aliero, bara na gama hidimar ƙasa. Malam Sirajo ɗan Jiga Birni ne. Da safe yana koyarwa a Islamiyya, da yamma yana gonar albasa. Shekara ɗaya da rabi ke nan yana zuwa wurina a kan babur ɗinsa, wanda ko wanki bakwai aka yi masa sai ka ji albasa a jikinsa. Amma har yau magabatansa ba su tako gidanmu ba.

Kada ku zage shi, akwai dalili. Mahaifinsa, Malam Hayatu, ya yi shekara talatin yana karantar da fiƙihu a zaurensa, ɗalibai suna ɗaukar karatun a kaset. Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, harshensa ya yi nauyi, magana sai da ƙyar. Kaset ɗari da goma sha biyu ne a kwali biyu a ƙarƙashin gadonsa, zaren wasu har ya fara manne wa juna. Malam Sirajo ya riƙe hannun mahaifinsa ya yi masa alkawari zai juye su duka a kwamfuta kafin su lalace, kuma ya ce ba zai tayar da hidimar biki a gidan ba sai ya cika wannan alkawari.

Ni dai, tsakani da Allah, ban damu ba. Ina da ɗan aikina na koyar da kwamfuta a wata makaranta, ina da ɗakina mai labule ruwan toka, ina da Inna, mahaifiyata, da ke dama mini fura kullum da rana. Mutumin da ya riƙe alkawarin mahaifinsa haka, nawa ma zai riƙe. Haka nake gaya wa zuciyata, kuma tana yarda.

Wadda ba ta yarda ba ita ce Gwaggo Tasalla, 'yar uwar Babana. Daga Maiyama ta zo ta yi mana kwana uku, yau mako na uku ke nan.

"Ke Umaima," ta ce da ni ranar Talata ina ninke kayan wanki, "wai mi yaron ga shika jira?"

"Gwaggo, na gaya miki, kaset ɗin Malam ne."

"Kaset! To kaset ɗin za shi amre ko ke? Ga Magaji can Maiyama, ɗan ƙawata, da gidanai da injin casar shinkahwa, ba shi jiran kaset ɗin kowa."

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, amma na ga kumatunta suna motsi. Dariya take ɓoyewa.

To ga inda na shigo cikin maganar. Wata biyu da suka wuce Malam Sirajo ya ce mini laftof ɗinsa tana nauyi. Na karɓa na sa mata Linux, tsarin da na fi sabawa da shi. A ranar kuma wana, Yaya Mubashir, mai shagon gyaran waya da kwamfuta, ya ƙara mata ram guda, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da take aiki da ita, a kan wanda ta zo da shi. Ya ce gudummawarsa ke nan ga aikin Malam. Kowa ya ji daɗi. Aiki ya yi gudu, kaset sittin da uku suka shiga.

Sai saƙo ya fara shigowa.

"Injiniya, barka da hantsi. Ta suma."

Haka yake kirana, Injiniya. Ku bar ni da murmushina.

Na rubuta: "Wa ya suma?"

"Kwamfutar. Ina tsakiyar juyi ta tsaya cak. Fuska baƙa, rubutu fari. Ko madanni ba ta ji."

Ya turo hoto. Ina gani na gane, don na san wannan rubutun. Bari in yi muku bayani a taƙaice. A cikin kowace kwamfuta akwai uwar tsari da ake kira kanel. Shi ke raba wa kowace manhaja wurin aiki, shi ke magana da faifan ajiya da lasifika da komai. Idan ya ci karo da abin da ya saɓa wa hankalinsa, gara ya tsaya cak da ya ci gaba yana ɓarna. Kafin ya tsaya yakan zubo rubutu, ya faɗi inda yake lokacin da ya rikice. Wannan rubutun ne a hoton.

Na ce masa: "Duk lokacin da ta yi, kafin ka kashe, ka ɗauka mini hoto. Ka tabbatar layukan sama sun fito."

"An gama, ranki ya daɗe."

Cikin kwana tara hoto bakwai ya turo. Kowane suma kuma yana nufin kaset ɗin da ake juyewa ya yanke a tsakiya. Abin da ya fi damun Malam Sirajo ba ɓata lokacin ba ne. Tsofaffin kaset ne, duk juyi ɗaya sai zaren ya ƙara rauni. Guda ya riga ya tsinke a hannunsa, da gam ɗin takarda ya haɗa shi.

Yaya Mubashir da ya ji labari, ko hoton bai kalla ba.

"Wannan tsarin naki na 'yan boko ne," in ji shi, yana ɓare gyaɗa a ƙofar ɗakin Inna. "Mutum yana zaune lafiya kin je kin canza masa. A goge a mayar masa da na da, shi ke nan."

"Yaya, in ba tsarin ba ne fa? Mu goge a banza, ta ci gaba da suma?"

"Shekarata goma ina gyara."

Gwaggo ta cafe: "Au, ashe ke ce kinka lalata mishi kayan? Kin gani ko? Da hannunki kina tura amrenki gaba."

Wallahi maganar ta shige ni. Na shiga ɗaki na kunna fanka, na jera hotunan bakwai a wayata ina bi ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce a ɓangaren sauti ya rikice. Na ce to, na'urar da ke haɗa rikoda da kwamfuta ce. Amma na biyu ya ce a ɓangaren ajiyar fayil ne. Na uku a ɓangaren intanet, alhali Malam Sirajo ko data bai kunna ba. Na huɗu kuma juyin kaset kawai take yi ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta, ya tafi alwala ya dawo ya tarar ta suma. Bakwai ɗin nan babu biyu da suka zo iri ɗaya.

Inna ta shigo da kofin fura ta same ni na yi tagumi.

"Mene ne kuma?"

"Inna, in da manhaja ɗaya ce mai laifi, da sunanta zai riƙa fitowa kullum. To yau wannan, gobe wancan. Kowa ana kama shi, kuma ba zai yiwu duk su lalace rana ɗaya ba."

Ta ajiye kofin, ta goge hannu a zaninta. "Ni ban san kwamfuta ba. Amma in na zuba fura ta yi tsami, na zuba kunu ya yi tsami, na zuba nono ya tsinke, ba gero nake zargi ba. Ƙwaryar nake dubawa."

Na bi ta da kallo har ta fita. Abin da malaminmu ya ɗauki awa biyu yana bayani ke nan. Ƙwaryar da duk manhajoji ke zuba aikinsu a ciki ita ce ram. In wani gurbi a cikinsa ya lalace, kanel zai ajiye abu ya dawo ya tarar da wani daban, kuma duk wanda tsautsayi ya sa aka ba shi wannan gurbin, shi za a kama.

Kuma wa ya taɓa ram ɗin kwamfutar nan? Na leƙa ta taga na hango Yaya Mubashir yana kaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. Na ce a raina, za ka sani.

Na rubuta wa Malam Sirajo: "Kada ka sake juye ko kaset ɗaya. Ranar Asabar ka taho da ita. Da sassafe, aikin yini ne."

"Yini guda a gidanku? Allah Ya ƙara mata suma."

"Malam!"

"Astagfirullah. Na janye."

Ranar Asabar na sa doguwar rigar atamfa mai ruwan zuma da ganye, na yafa mayafi ruwan madara. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Gyaran kwamfuta da kwalli?" Na yi kamar ban ji ba. Da hantsi ya iso, cikin farin yadi da hula zanna, laftof a jaka a bayansa, ƙaramin buhun albasa da ledar mangwaro ɗaure a babur. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Gwaggo ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, wai iska take sha.

Na fara da wanke kaina. Na tayar da kwamfutar daga filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a gefenta, da wani tsari daban wanda bai taɓa abin da na sa mata ba. In ta zauna lafiya, laifina ne. Muka ba ta aiki mai nauyi muka zuba ido. Minti arba'in, fuska ta yi baƙi, rubutu ya zubo.

"Alhamdu lillahi!" na ce da ƙarfi.

Malam Sirajo ya dube ni. "Ta suma kina hamdala?"

"Ba aikina ba ne ya kayar da ita. Ka bar ni in ji daɗi na minti ɗaya."

Na duba zafinta, na hure ƙurar fanka, duk lafiya. Sannan na sa manhajar gwajin ram. Ita ba ta buƙatar wani tsari, aikinta ɗaya ne: ta rubuta lamba a kowane gurbi, ta dawo ta karanta, ta ga ko abin da ta ajiye shi ta tarar. Fuska ta zama shuɗiya, lambobi suna gudu.

"Yanzu sai me?" ya tambaya.

"Jira. In ka ga ja, an kama ɓarawo."

Muka jira. Inna ta aiko da mangwaron a yanke. Ya ba ni labarin yadda ya kunna wa Malam kaset na farko da ya juye, tsohon ya rufe ido yana bin karatun da leɓe, da aka zo wani wuri ya ɗaga yatsa, wai nan ya yi kuskure a shekarun baya, a gyara. Muka yi dariya, amma idon Malam Sirajo ya kawo ruwa. Ya juya yana gyara hula.

Gwaggo ce ta fara gani. "Ke, ga jan abu can ya hito."

Layi ɗaya ja. Sai biyu. Kafin in matso sun kai ashirin. Na nuna masa da yatsa: nan abin da aka rubuta, nan abin da aka karanta. Bambancin ɗigo ɗaya ne tak, kuma kullum a unguwa ɗaya cikin ram ɗin.

"Ɗigo ɗaya ne ya hana ni barci mako biyu?"

"Malam, kai da ka san abin da ɗigo ɗaya ke yi wa harafi a allo?"

Ya gyaɗa kai. "Gaskiyarki."

Na ɗauki waya na rubuta wa Yaya Mubashir: "Ka zo gida ka ga aikin shekara goma." Har da hoton jan layin. Ku gafarce ni, shaiɗan ne.

Bayan azahar ya shigo, fuska a ɗaure. Na kwance murfin ƙasa, ga ram biyu kwance a ramukansu: kore wanda ta zo da shi, da shuɗi na Yaya. Gwajin ya ce akwai mara lafiya, amma bai faɗi wane ba. Sai an ware su.

"Da nawa za ki fara, na sani," in ji Yaya.

"Da naka zan fara."

Na cire koren na ajiye a kan takarda, na bar shuɗin shi kaɗai. Na harɗe hannu ina jiran ja. Minti goma, babu. Rabin awa, babu. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi, maza suka ci, ni ko loma uku ban yi ba. Gwajin ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa. Fes. Ko ɗigo.

Yaya ya fara murmushi. Irin murmushin nan nasa mai ban haushi.

Na cire shuɗin na mayar da koren shi kaɗai. Ko minti biyar ba a yi ba fuska ta cika da ja. Don kada in zalunci ram alhali ramin ne ya lalace, na canza masa rami. Ja ya biyo shi.

Yaya ya miƙe ƙafa, ya zaro wayarsa, ya karanta saƙona da ƙarfi, a hankali, kalma kalma.

"Yaya, ka yi haƙuri. Na zarge ka a banza."

"Ban ji ba, fanka na ƙara."

"Na ce ka yi haƙuri!"

"To ni ma na ce tsarinki ne, kuma ba shi ba ne. Mun yi canjaras." Ya ɗauki koren ram ɗin yana jujjuyawa. "Amma abin mamaki, wannan tun asali yana ciki. Me ya sa sai yanzu?"

Malam Sirajo ya yi gyaran murya. Ya sosa ƙeya. "Wato... tun kafin Injiniya ta taɓa ta, takan yi wani abu. Fuskar ta yi shuɗi ta mutu. Kamar sau ɗaya a mako."

Na juyo gaba ɗaya. "Malam, tun yaushe?"

"Tun bara."

"Kuma ba ka faɗa ba?"

"Na ɗauka halinta ne. Babur ɗina ma yakan mutu a hanya, in na ɗan jira ya tashi."

Yaya ya kwanta a tabarma don dariya. Ciwon tsoho ne, aikin sauti mai nauyi da zafin bazara suka fito da shi fili. Har Gwaggo ta rufe baki da carbi. Da ta nutsu ta ce, "Yaron ga dai akwai haƙuri. Mai haƙuri da babur da kwamfuta, ya yi haƙuri da ke." Daga ranar ban sake jin sunan Magaji ba.

Muka rufe ta da ram ɗin Yaya shi kaɗai, ya ce zai nemo masa abokin zama mai lafiya. Muka ba ta aikin da ya kayar da ita da safe, har bayan la'asar ko gezau. Na ce wa Malam Sirajo ya bar mini ita kwana biyu, don duk abin da ya bi ta lalataccen ram yana iya samun tabo. Sai na saurari fayilolin, na ware masu lafiya da waɗanda za a sake.

Na raka shi bakin ƙofa. Ya hau babur bai tayar ba.

"Saura arba'in da tara, har da bakwai ɗin da suka yanke," ya ce, idonsa a kan makulli. "In ta daina suma, mako biyar ya ishe ni. Na gaya wa Kawu Malami, babban magabacina, ya fara shirin zuwa Jega."

Na ja mayafi na rufe rabin fuska. "Allah Ya ba da iko."

"Amin kawai?"

"Malam, rana na faɗuwa, hanya da nisa."

Ya tafi yana dariya. Ni kuma na tsaya a zaure na yi wata 'yar rawa da ba zan bayyana muku ba.

Washegari Lahadi da hantsi na fito tsakar gida da kwamfutar da ƙaramar lasifika. Inna tana tsintar shinkafa a faifai, Gwaggo tana yanke farce a gindin dogon yaro. Na fara da bakwai ɗin da suka yanke, don in rubuta masa daidai inda kowanne ya tsaya. Muryar Malam Hayatu ta cika gidan, garau, mai zurfi, ta lokacin ƙuruciyarsa. Ana jin tarin ɗalibai da kukan zakara a bayanta. Na ɗaya, na biyu, na uku, ina rubutawa.

Na huɗu an rubuta masa "Babin Suna da Aƙiƙa". Malam ya kai aya, ya ce, "Akwai mai tambaya? To, Alu na Dangamaji, tun ɗazu ina ganin hannunka. Bismillah."

Wata murya ta ɗauka, siririya, mai ɗan sauri, da dariya a cikinta.

"Allah gafarta Malam, shekaranjiya anka haifa mini ɗiya mace. To akwai wani abu da nika so in yi mata, ban sani ba ko ya halatta. Ina so in..."

Shiru. Nan kwamfutar ta suma ranar.

Na ɗauki biro zan rubuta minti, sai na ji shinkafa tana zuba ƙasa. Faifan ya karkace a cinyar Inna, ita kuma ba ta sani ba. Gwaggo ta miƙe tsaye, rezar tana hannunta.

"Mayar da shi baya," Inna ta ce.

Na mayar. Muryar ta sake zuwa, ta sake yankewa a wuri ɗaya. A nan ne sunan ya shiga kaina. Alu. Sunan Babana ke nan. Dangamaji kuwa, garinmu na asali. 'Yan uwa, ina da shekara biyu Babana ya rasu. Hotonsa ɗaya ne a gidan nan. Ban taɓa sanin yadda muryarsa take ba. Kuma ɗiya mace ɗaya ya haifa.

"Ina sauran?" Gwaggo ta tambaya da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Yana cikin kaset ɗin, Gwaggo. A Jiga Birni. In zaren bai tsinke ba."

Inna ta ajiye faifan a ƙasa, kaji suka yo kansa, ba ta kore su ba. Ta shiga ɗaki ta fito da hijabinta a hannu, ta dube ni.

"Kira Mubashir ya samo mana mota. Ke kuma tashi ki ɗauko kwamfutar."